Ko Haƙurin Ƙasa Izini Ne?

A ce mutum biyu suna tafiya a kan hanyar kasuwa. Ɗaya yana da kaya, ko wane ƙauye suka shiga kuwa sai ya ƙara saye. Abokin tafiyarsa bebe ne. Da ya ga kayan sun yi yawa, sai ya riƙa zare rubu'insu yana ɗorawa a kansa, ba wanda ya roƙe shi, ba kuwa wanda ya yi masa alkawarin lada. Can sai mai kayan ya lura. To, me ya kamata ya yi? Wani zai gode, ya daina ƙari, ya duba ko wuyan abokinsa ya fara ciwo. Wani kuwa zai ce a ransa, "Ashe ina da mai ɗaukar mini! Bari in ƙara." Ko yaron makarantar Lahadi ya san wanne ne ya yi daidai. Amma abin da mu ke gani sarai a kan mutum ɗaya ya kan yi mana wuyar gani in dukan duniya ce mai kayan. Beben da na ke nufi shi ne ƙasa, da itatuwanta, da ciyawarta, da turɓayar da mu ke takawa. Kayan kuwa hayaƙin wutar da 'yan adam su ke hurawa ne.

Kafin mu auna maganar sai mu san yadda abin ya ke. Ɗauki gawayi a hannunka, ya mai karatu. Baƙin abin nan shi masana su ke kira kabon. In aka busar da itace sarai, wajen rabin nauyinsa kabon ne. Daga ina itacen ya samo shi? Yawancinmu za mu ce daga ƙasa. Haka mutanen dā suka zaci, har wani likita mai suna Jan van Helmont, a ƙasar da a ke kira Beljiyam yanzu, ya gwada abin. Ya auna busasshiyar ƙasa laba 200 a cikin babbar tukunya, ya dasa ɗan itace mai nauyin laba 5, ya riƙa ba shi ruwa kaɗai. Bayan shekara 5 itacen ya kai laba 169, ƙasar kuwa ba ta ragu ba sai da wajen oza 2. An buga labarin a 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ce ruwa ne ya zama itace, amma bai kai ga ƙarshen maganar ba. Waɗanda suka zo bayansa suka gane ganye yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ya ke shaƙar wata iska mai kabon a cikinta, ya haɗa ta da ruwa, ya yi abincinsa da ƙarfin hasken rana. Watau maɗacin nan da ke ƙofar majami'a, yawancin katakonsa daga iska aka gina shi. Wannan kaɗai ya isa mutum ya yi shiru ya girmama Mahalicci.

Sa'ad da ganye ya faɗi, ko saiwa ta mutu, gara da ƙananan halittu su kan cinye, su mayar da yawancin kabon ɗin cikin iska. Amma wani sashe ya kan saura a ƙasa, shi ne ya ke sa ta yi baƙi, ta yi taushi, ta riƙe laima. Ko wane manomi ya san bambancin baƙar ƙasa da farin rairayi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kabon da ke kwance cikin ƙasar duniya ya fi wanda ke cikin dukan itatuwa da wanda ke cikin iska in an haɗa su.

Shekaru aru aru abin da ke shiga da abin da ke fita sun yi kusan daidai. Sai mutane suka fara haƙo kwal, daga baya man fetur da gas, waɗanda su ma ragowar halittun da suka mutu ne tun dā can, aka binne su cikin zurfin ƙasa. Ingila ta fara, sauran Turai da Amurka suka bi, yanzu Sin ce ta fi kowa ƙonewa. Iskar kabon ba dafi ba ce, in babu ita ba shukar da za ta rayu. Sai dai tana da halin bargo: tana barin hasken rana ya shigo, ta tare zafin da zai koma sama. In bargon ya ƙara kauri, duniya ta ƙara zafi.

A 1958 wani Ba'amurke, Charles Keeling, ya kafa ma'auni a kan dutsen Mauna Lowa na tsibirin Hawayi, wajen ƙafa dubu 11 sama da teku, nesa da hayaƙin birane. Ya tarar cikin ko wane kashi miliyan na iska, kashi 315 na iskar kabon ne. Kafin zamanin injuna wajen 280 ne. A 2013 ma'aunin ya taɓa 400, a 2024 ya wuce 420, shekarar nan kuwa ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa har zuwa lokacin. Amma Keeling ya ga wani abu dabam mai ban mamaki. Ko wace shekara lissafin ya kan kai ƙololuwa a watan Mayu, sa'an nan ya riƙa sauka har wajen Satumba ko Oktoba, ya sāke hawa. Dalili kuwa shi ne yawancin tudun duniya a arewa ya ke. In dazuzzukan Kanada da Rasha da Turai suka yi toho sai su ja iskar, in suka zubar da ganye sai su sake ta. Kamar dai duniya tana jan numfashi sau ɗaya a shekara.

Da masana suka kwatanta abin da a ke ƙonewa da abin da ma'aunin ya nuna, sai lissafi ya ƙi fita. A 2023 kwal da mai da gas sun fid da iskar kabon wajen tan biliyan 37, watau miliyan dubu 37, ban da abin da saran daji ya ƙara. Amma wajen rabi kaɗai ya kan tsaya cikin iska. Sauran rabin teku da tudu su ke raba shi, rabon tudu kuwa wajen rubu'in duka ne. Abin lura shi ne, da mutane suka yi ta ƙara hayaƙi tun daga zamanin Keeling, ƙasa ma ta yi ta ƙara abin da ta ke ɗauka. Da ba ta yi haka ba, da zafin da a ke kuka da shi yau ya fi haka nesa.

Me ya sa ta ke ƙarawa? Babban dalili shi ne iskar kanta abincin shuka ce, in ta yi yawa itatuwa da yawa su kan ƙara saurin girma. Ban da wannan, gonakin da aka bari a Turai da gabashin Amurka sun koma daji, Sin ta dasa itatuwa masu yawan gaske, a ƙasashen sanyi kuma lokacin toho ya ƙara tsawo. (Kada manominmu ya yi saurin murna. Gero da dawa da masara ba su cika ƙaruwa da yawan iskar nan ba, gama yadda su ke shaƙarta dabam ne da na shinkafa da alkama da wake. Shinkafa da alkama kuwa, ko sun ƙara yawa, an gwada an ga abin gina jiki da ke cikin ƙwayarsu ya kan ragu.)

A nan ne tambayar ta taso. Akwai masu cewa, "To, ai ga shi Allah ya riga ya shirya magani. Mun ƙara hayaƙi, daji ya ƙara ci. Ina abin damuwa?" Na ji Kirista masu ibada suna faɗin haka, har suna ganin damuwa da wannan al'amari rashin bangaskiya ne. Su kan tuna mana da alkawarin da aka yi bayan ruwan tsufana a Farawa sura 8, cewa shuka da girbi da sauyin lokatai za su ɗore muddin duniya tana nan.

Alkawarin gaskiya ne, ba na kuwa rage masa kome. Amma a littafin Farawa ɗin nan ne, bayan alkawarin, aka yi yunwar shekara bakwai a zamanin Yusufu. Alkawarin bai ce ko wace gona za ta yi albarka ko yaya aka yi da ita ba. Yusufu kuma bai zauna ya ce akwai alkawari ba, sai ya gina rumbuna. Mu tuna kuma Shaiɗan ma da alkawarin Allah ya jarabci Ubangijinmu Yesu a kan ƙwanƙolin Haikali, ya ce ya faɗo tun da an ce za a tare shi. Ubangiji ya ƙi. Dogara ga Allah dabam, gwada shi dabam. Wanda ya jefa kansa rijiya da gangan yana cewa Allah zai fisshe shi, ba bangaskiya ya nuna ba.

Akwai kuma wani abin da masu wannan magana ba su lura da shi ba. Kayan da beben ya ɗauka ba su ɓace ba, suna kansa. Kabon da itace ya sha ajiya ce. Ran da itacen ya ƙone ko ya ruɓe, sai ya mayar da ita. Kuma zafin nan da hayaƙin ya kawo shi ne ya ke raunana mai ajiyar. In fari ya yi tsanani ganye ya kan rufe ƙofofinsa don kada ruwansa ya ƙare, in ya rufe kuwa ba ya shan iska. In ƙasa ta yi zafi ruɓewa ta kan ƙara sauri. In daji ya bushe, tartsatsi ɗaya ya isa.

Ba zato ba ne, an riga an gani. A 2003 aka yi matsanancin zafi da fari a Turai. Masana suka lissafta cewa a shekarar nan tsire-tsiren nahiyar sun mayar da abin da suka ɗauki shekara huɗu suna tarawa. A Birazil wata masaniya, Luciana Gatti, da abokan aikinta sun yi ta tashi da ƙananan jiragen sama suna ɗibar iska bisa kurmin Amazon, kusan sau 600, daga 2010 zuwa 2018. Suka tarar sashen kudu maso gabas, inda aka fi sara da ƙuna don kiwon shanu da noma, yana fid da kabon fiye da yadda ya ke sha. Kurmin da duniya ta ke taƙama da shi ke nan. A 2023 gobara ta cinye daji fiye da hekta miliyan 15 a Kanada. Kabon da ya tashi daga wutar nan ya fi abin da ko wace ƙasa ta ke fitarwa da kwal da mai a shekara, in ban da Sin da Amurka da Indiya. A shekarar nan, da zafi da fari suka haɗu a wurare da yawa, abin da tudu ya sha ya ragu ƙwarai. Can arewa mai nisa kuma, a Siberiya da Alaska da arewacin Kanada, akwai ƙasar da ta daskare shekaru dubbai, tana riƙe da kabon kusan ninki biyu na wanda ke cikin iska. Ta fara narkewa. Beben bai fāɗi ba tukuna, har yanzu yana ɗauke da kayan a yawancin shekaru. Amma ƙafarsa tana rawa.

Ko wane mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da jakar Bal'amu a Littafin Ƙidaya sura 22. Ta daɗe tana ɗaukarsa ba gardama. Ran nan ta kauce daga hanya, ya buge ta. Ta matse ƙafarsa da bango, ya buge ta. Ta kwanta, ya ƙara bugunta. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa dabbar da ba ta taɓa yi masa haka ba ta sāke hali yau. Sai da Allah ya buɗe bakinta, sa'an nan ya buɗe idonsa, ya ga takobin da ke gabansa. Laifin Bal'amu ba hawan jaka ba ne, gama don haka aka yi ta. Laifinsa shi ne dogon haƙurinta ya sa ya daina ganinta. Haka mu ke yi da duk wanda ya ke yi mana hidima shiru: matar da ta ke tashi da asuba, bawan da ba ya musu, iyayen da su ke biyan kuɗin makaranta. Mu kan mai da alherinsu hakkinmu, har ran da suka gaza mu ji haushinsu.

Manzo Bulus ya yi wa Romawa gargaɗi a sura 2 a kan mutumin da ya ga ba a hukunta shi nan da nan ba, ya ɗauka an yarda da aikinsa, alhali kuwa jinkirin nan sarari ne aka ba shi don ya juyo. Ina ganin haka ya kamata mu karanta haƙurin ƙasa. Shekarun da daji da teku suka yi suna shanye rabin hayaƙin duniya sarari ne. An yi amfani da sararin nan an rage? A 1990 abin da a ke fitarwa da kwal da mai wajen tan biliyan 22 ne. Yanzu ya haura 37. An ga bebe yana ɗauka, aka ƙara.

Shari'ar Musa ba ta ɗauki ƙasa kamar abin da ba shi da hakki ba. A Littafin Firistoci sura 25 an umarta a bar gona ta huta ko wace shekara ta bakwai, an kuma gaya wa Isra'ila ƙasar ta Ubangiji ce, su baƙi ne a cikinta. A ƙarshen Tarihi na Biyu, da aka kwashe su zuwa Babila, marubucin ya ce shekarun nan saba'in ƙasar ta sami hutun da aka hana ta. Watau hutun da ba a ba ta da yardar rai ba, ta same shi bayan an kori masu ita. Ba na cewa dokar shekara ta bakwai tana kan Kirista a yau kamar yadda ta ke a kan Isra'ila. Amma ta nuna mana yadda Mai ƙasar ya ke duban ta.

Yanzu sai mu zo ga wani ciniki da ya taso, wanda ya fi damuna. Tun daga yarjejeniyar Kyoto ta 1997 aka buɗe hanyar da mai hayaƙi zai biya kuɗi a wani wuri maimakon ya rage nasa. Kamfanin jiragen sama ko na mai ya kan biya a dasa itatuwa, ko a tsare wani daji a ƙasar matalauta, a ba shi takarda cewa tan kaza na hayaƙinsa an shafe shi. Sa'an nan ya gaya wa masu sayen kayansa su kwantar da hankalinsu. A nan mai kayan bai tsaya ga jin daɗin haƙurin bebe ba, har ya sa masa farashi yana sayarwa.

Lissafin kansa yana da rami. Kabon da aka haƙo daga zurfin ƙasa aka ƙone, wani sashensa zai daɗe cikin iska shekaru dubbai. Itacen da aka ce ya shanye shi kuwa ana iya sare shi baɗi. A 2021 gobara a jihar Oregon ta Amurka ta ci wani sashen dajin da aka riga aka sayar da takardunsa. Hayaƙin mai sayen yana sama, na dajin ma ya bi shi, takardar kuwa tana cikin akwati. A 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka bincika irin takardun nan na tsaron kurmi, suka ce yawancin waɗanda aka duba ba su rage kome ba, gama an kumbura haɗarin da aka ce dajin yana ciki. Masu ba da takardun sun musa. Amma ko da lissafin ya fita daidai, da sauran magana. A 1517 Martin Luther ya tashi a kan masu sayar da takardun gafara, ba don kuɗin ba su gina kome ba, gama sun gina, sai don takardar tana koya wa mutum cewa yana iya sayen kwanciyar rai ba tare da ya bar abin da ya ke yi ba. In kuma dajin da aka tsare na talakawa ne, aka hana su itace da kiwo da farauta don wani mai arziki a nesa ya ci gaba da ƙonewa, to, mun shiga misalin da annabi Natan ya kawo wa Dawuda, na mai garke da ya bar nasa ya yanka 'yar tunkiyar maƙwabcinsa matalauci.

Kada a ce na hana a biya masu tsaron daji. Sun cancanci lada. A tsakiyar kwarin kogin Kwango akwai fadama mai kurmi wadda ta fi Ingila faɗi, ƙarƙashinta kuwa taɓo ne na ganye da itacen da ruwa ya hana su gama ruɓewa. A 2017 Greta Dargie da Simon Lewis da abokan aikinsu suka bayyana girmanta, suka ce tana riƙe da kabon wajen tan biliyan 30, kamar abin da duniya ta ke ƙonewa cikin shekara uku. An san abin da ke faruwa in aka janye ruwan irin wannan wuri, gama an yi a Indunusiya don noma, taɓon ya bushe ya kama wuta a 1997 da 2015, ya yi makonni yana ci ta ƙarƙashin ƙasa. Mutanen Kwango matalauta ne. In duniya tana so su bar fadamarsu yadda ta ke, adalci ne ta biya su, ta biya da kyau kuma. Abin da na ƙi shi ne a mai da ladan mai gadi ya zama izinin ɓarawo. A biya su don abin da su ke tsarewa, mai biyan kuma ya rage nasa wutar.

To, mu fa? Afirka duka ba ta fid da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kwal da mai ba. Matar da ta ke dafa tuwo da kara ba ita ta ɗumama duniya ba, wanda ya ɗora mata laifin kuwa ya yi zalunci. Itatuwanmu ma ba za su iya biyan bashin wasu ba. A 2023 masana suka ƙidaya itatuwan busassun ƙasashen da ke kudu da Sahara ta hotunan tauraron ɗan adam, daga tekun yamma har zuwa Bahar Maliya, suka sami kusan biliyan 10. Kabon da ke jikinsu duka bai kai tan biliyan ɗaya ba. Duniya ta kan ƙone kwatankwacinsa cikin wajen wata guda.

Duk da haka ba mu fita daga tambayar ba, gama mu ma muna da bebenmu. Gonar da a ke nomawa shekara da shekaru ba taki ba hutu, ana kwashe kara har saiwa, haƙurinta a ke ci. Haka dajin da a ke sarewa ɗanye a yi buhunan gawayi a kai birni. Ƙunar ciyawa ita kaɗai ba ta cika ƙara kabon ba, don damina ta kan mayar da abin da ya tashi. Amma wutar tsakiyar rani da yara su ke sawa don kama gafiya ta kan kashe 'yan itatuwan da za su gāji manya. A kudancin Nijeriya kuma gas yana ci bisa rijiyoyin mai dare da rana, shekaru da yawa ke nan.

Akwai kuwa misali mai kyau kusa da mu. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo mutumin Ostareliya, wanda itatuwan da ya ke dasawa suka yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma su ke sassabewa ko wace shekara toho ne daga kututturan itatuwan dā, saiwarsu tana da rai. In aka zaɓi reshe ɗaya ko kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, sai su zama itace da sauri, ba ban ruwa. Aka kira shi sassaben zamani. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, musamman da mutane suka tabbata itacen da suka rena nasu ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Bayan shekara 20 da wani abu aka ƙiyasta gonaki hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram da kewaye sun sami itatuwa wajen miliyan 200, da yawansu gawo, wanda ya ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Manoman nan ba don ma'aunin Hawayi suka yi ba. Sun yi don iska ta daina binne musu shuka, don awaki su sami abinci da rani, don matansu su daina tafiya mai nisa neman itace. Kabon ya shiga ƙasa a kan hanya, ba wanda ya sayi izinin kome da shi.

Masu cinikin takardun nan sun fara zagayawa ƙasashen Afirka, mai yiwuwa ne wata rana su iso wurin dattawan wata ekklesiya mai fili, ko wurin mai gari, da takarda a sa hannu. Ba lalle ne a kore su ba. Amma a zaunar da su a tambaye su. Shekara nawa ne alkawarin, ashirin ko arba'in, wa kuma zai ɗauke shi in masu sa hannun sun mutu? Bayan an sa hannu, wa ke da ikon yanke reshe, wa ke da ikon shiga da dabba? Cikin kuɗin da mai sayen ya biya, nawa ne zai iso ƙauyen, nawa zai tsaya wurin dillalai? In wuta ta ci wurin, a kan wa hasarar za ta faɗa? A tambaye su kuma ko wane ne mai sayen, da abin da shi ya ke yi don ya rage nasa hayaƙin. In baƙon ya ce wannan ba ruwan manomi, sai magatakarda ya rubuta amsar tasa a littafin taro, a ce masa ya dawo bayan kaka, sa'ad da matan da su ke yin itace a wurin da Fulanin da su ke kiwo a ciki suka faɗi nasu.